Yadda Na Sayi Mota Ɗaya Sau Biyu

Tun bara masu wannan mujalla tamu suke bina in rubuta musu wani abu, ni kuma ina ta kai su gobe. Da suka matsa sai na ce to, wa'azi kuke so ko labarin kasuwa? Suka ce wa'azi ana ji a masallaci, su labarin farar Fijon nan suke so, wadda yaran Sabo ke bi da ihu duk sanda ta fito. To ga shi. Sai dai in gaya muku tun yanzu, akwai wurin da na ji kunya a cikin labarin, kuma sai da na nemi izinin mutanen da abin ya shafa kafin na ɗauki alƙalami. Ba zan kama sunan kowa ba. Wanda ya sani ya riga ya sani.

Motar 504 ce, doguwar nan mai kujera layi uku da muke ce wa wagon, haɗin Kaduna. Yaran yanzu ba su san darajar da wannan mota ta yi ba. Kamfanin Peugeot da ke Kakuri ya fara haɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, alhali su mutanen Faransa da suka ƙirƙiro ta sun daɗe da wucewa zuwa wasu samfuran. Ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati, ita ce motar Alhazai, ita ce kuma ta tasha. Duk wanda ya taɓa tafiya gida daga Badun a wancan zamani ya san hanyar: Oyo, Ogbomosho, Ilorin, a haye gadar Jebba, a sha shayi a Mokwa, Tegina, Birnin Gwari, gari na wayewa ana Kaduna, fasinja a matse kamar an ɗaure huhu, amma an isa.

Wannan tawa, asalinta ta marigayi maigidana ce, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna makoma. A gidansa na tashi, shi ya koya mini ƙirgar goro ƙwarya-ƙwarya da ɗaurin huhu, shi kuma ya riƙa biya mini kuɗin Islamiyya. Sabuwa fil ya sayo ta, ledar kujeru ma ba a cire ba, ina ɗan shekara 15 ko 16 a lokacin. Aikina ne wanke ta kowace safiya bayan an sauko daga sallar asuba. Da ita muke zuwa Shagamu da ƙauyukan Ife da Ondo neman goro, kuma a kan hanyar Shagamu direbansa ya fara ba ni sitiyari a ɓoye. Ranar da Alhaji ya gane bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "In ka buga ta, kai da ita duk zan sayar."

Da ƙarfinsa ya ƙare sai aka ajiye ta a gindin mangwaron da ke bayan gida. Ta kai shekara biyar a nan. Tayoyi suka sace, kaji suka mai da ƙarƙashinta akurki, awaki suna hawa kan bonet suna shan hantsi. Duk sanda na je gaishe shi sai na kalle ta, zuciyata ta yi wani iri. Ya rasu, muka yi masa sutura, ni ma ina sahun gaba. Mota tana nan inda take.

Wajen shekara guda bayan rasuwar, ƙarshen 2019 ke nan, babban ɗansa ya same ni a rumfa. Ya ce, "Baba Liman, masu gwangwan sun zo sun taya motar nan, wai za su yanka ta su auna a kilo. Na ce kafin in ba su bari in fara gaya maka." Wallahi ji na yi kamar an ce za a yanka wani nawa. Na ce nawa? Ya ce in kawo abin da ya sauwaƙa. Muka yi ta ja har muka tsaya a naira 240,000. Ni kaina na san ta fi haka, domin gilasanta duk lafiya lau, bodin ma banda ƙasa bai ruɓe ba. Na ga yaron a matse yake, na yi irin ta 'yan kasuwa. Washegari na ba shi kuɗi, ya rubuta mini 'yar takarda, ya miƙo mini kwafin takardun mota na hoto. Na ce ina na ainihi? Ya ce sun ɓace tun Baba yana jinya. Na ce to. Tambaya ɗaya ce ta rage in yi, kuma ta zo mini har bakina: an raba gado? Na haɗiye ta. Ni da nake karanta wa mutane babin rabon gado na Risala a zaure, na san amsar da zan ji, shi ya sa ban tambaya ba.

Da daddare muka jawo ta da igiya zuwa garejin wani tsohon bakanike Bayarabe. Tun yana yaro Fijo yake gyarawa, yanzu gashinsa duk ya yi fari, yaransa kuwa sun koma kan Toyota da na'urar da ake jonawa a mota ta faɗi ciwonta. Ni ina ce masa Baba, shi yana ce mini Alfa, da Yarabanci muke hira tunda a nan aka haife ni. Da ya haska ta da tocila sai ya kama dariya, ya shafa bonet ya ce, "Alfa, ka kawo mini tsohuwar budurwata." Bai taɓa makulli ba ranar. Cire fulogogi ya yi guda huɗu, ya ɗura baƙin mai a ramukan, ya ce a bar ta kwana uku. Ya ce injin da ya daɗe a kwance kamar mai azumi ne, ba a fara masa da tuwo. Ranar ta huɗu ya sa sifana ya juya injin da hannu, a hankali, a hankali, har ya ji ya saki.

Daga nan aiki ya buɗe, aljihu ma ya buɗe. Tankin mai ya yi tsatsa, aka sauke aka wanke. Kafireto aka wargaza shi ɗaya bayan ɗaya a kan tire, Baba yana busa 'yan ramukan da baki. Ɓeraye sun cinye wayoyi, sai da mai wayarin ya kwana biyu a ciki. Lagireto yana yoyo, birki babu ko kaɗan, ƙasan wajen direba kuwa in ka taka sai ka ga ƙasa, mai walda ya yanko faranti ya toshe. Abin da ya ba ni sha'awa da wannan mota shi ne babu abin da ke ɓoye. Injin silinda huɗu ne, lita biyu, ka buɗe bonet ka ga komai a fili, hannunka ya kai ko'ina. Wuta daga kwantak take tashi, ɗan ƙarfe ne da bai kai yatsa ba, in ya yi datti a goge shi da takardar yashi a ci gaba da tafiya. A cikin wata uku na koyi abin da ban koya ba a shekara talatin ina tuƙi. Na iya gane fulogin da ke shan mai da wanda ke ƙonewa daidai, na iya ɗaure fambel, na iya saurarar inji in ce wuta ta yi gaba ko ta yi baya. In na rufe rumfa da la'asar sai gareji, in tuɓe riga in rataye, in ɗaura wani tsohon buje. Har magariba ta taɓa riskata da baƙin mai a farce, na yi ta dirza da omo da yashi mutane suna jira a sahu.

Kayan gyara kuwa a kasuwar Gate muke samun yawancinsu, na hannu waɗanda aka ciro daga motocin da aka yanka. Baba ba ya yarda da sabo mai ƙyalli a kwali. Yakan ce tsohon ƙarfen Faransa da ya yi shekara talatin yana aiki ya riga ya ba da shaida, sabon kuwa ba a san iyayensa ba. Abin da ya gagara a Badun sai a aika Ladipo a Legas. Sau ɗaya na ƙi jin maganarsa, na sayi sabon famfon ruwa a wani shago saboda araha. Zan zo kan wannan.

A gida kuma uwargida ta sa wa motar suna Amarya. In na dawo sai ta ce, "Malam, yaya jikin amaryar? Yau me ta ci?" Ranar da ta ga na sayi tayoyi huɗu alhali na ce mata kuɗin ɗinkin yara sai wani wata, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Gaskiyarta ce. Na yi lissafi daga baya, abin da na kashe a gyara ya wuce kuɗin sayen motar.

Ranar da ta tashi ba zan manta ba. Baba ya zuba ɗan fetur a bakin kafireto, ya ce in murza. Ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Na uku sai ta kama, hayaƙi ya turnuƙe garejin, yara suka yi ta tafi. Ƙarar nan ce dai, wadda nake ji daga soro in san Alhaji ya dawo. Na zauna a ciki na kasa fitowa.

Sai korona ta zo, komai ya tsaya, mota ta yi zamanta a gareji. Da al'amura suka lafa na ce to saura takardu. Lambar da ke jikinta tsohon yayi ce, ta kafin sauyin da Hukumar Kiyaye Haɗura ta kawo a 2011, lasin ya mutu tun tuni, kuma komai da sunan marigayi yake. 'Yan'uwa, mu da muke zaune a Kurmi mun san wannan: ko a nan aka binne cibiyarka, ranar da aka tsayar da kai a hanya aka ga hula da gemu, baƙo ne kai. Wani in takardarsa ta sami matsala a yi ciniki a rabu. Kai kuwa tambaya ta biyu ita ce ina ka samo motar. Shi ya sa na ƙudura ba za ta hau babban titi ba sai komai ya zama da sunana.

Aka haɗa ni da wani ɗan kamasho daga cikin masu zama a bakin ofishin lasin. Ya lissafa mini abin da ake nema wajen canjin mallaka: takardar yarjejeniyar ciniki da hannun mai motar, takardun ainihi, rantsuwar kotu, rahoton 'yan sanda cewa ba ta sata ba ce, sannan a duba lambar shasi da ta inji, a yi takardar lafiyar mota, inshora, lasin, a buga sabuwar lamba. Ya zo gareji ya leƙa, sai ga wata sabuwa: lambar da ke jikin injin daban da ta takarda. Nan na tuna Alhaji ya taɓa canza inji, ya sa na Baljiyam. Na ce masa mai motar ya rasu, takardun ainihi kuma an ce sun ɓace. Ko a jikinsa. Ya ce, "Alfa, wannan ai ƙaramin abu ne. Za mu buga yarjejeniya mu mai da kwanan wata baya, lokacin yana da rai, wani yaro ya sa hannu a madadinsa. Kai kuma ka yi rantsuwa cewa a hannunsa ka saya, takardu kuma a wurinka suka ɓace. Sati biyu ka karɓi lamba." Ya faɗi kuɗinsa.

Ban ce masa a'a ba nan take, wannan ma in faɗa. Cewa na yi zan yi shawara. Kwana uku ina juya maganar. Shaiɗan yana ce mini ai takarda ce kawai, ba ka cuci kowa ba, kuɗinka ka biya. Amma hannun mamaci za a ƙaga, mutumin da ya ciyar da ni, kuma ni zan rantse a kai. Ranar Juma'a in hau mumbari in babban liman ya yi tafiya. Daga ƙarshe na ce bari dai in je in gaida Hajiya, uwargidan marigayi, ko Allah zai sa a ga takardun a wani lungu.

Na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofarta, ita tana daga ciki. Ni har gobe Inna nake ce mata, ita kuma ba ta daina kirana da sunan yarinta ba sai da na fara limanci. Bayan gaisuwa na kawo maganar. Ta ce, "Takardun mota? Ai suna nan, Malam. Wa ya ce sun ɓace?" Ta sa jikarta ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ga su nan a cikin leda an naɗe da tsohon rawani: rasit ɗin sayen motar, takardun lasin na shekara da shekaru, har da rasit ɗin injin Baljiyam ɗin, da lambarsa a rubuce. Alhaji ba ya yar da takarda. Ina murna ina cewa alhamdu lillahi, sai ta ce, "To an gama gyaran ne? Yaushe za a dawo da ita?"

Na ce, "Inna, dawo da ita?"

Ta ce, "Ai cewa aka yi ka ɗauka za ka gyara mana, saboda zumuncinka da Alhaji. Kullum ina sa maka albarka."

Ban san tsawon lokacin da na yi shiru ba. Gumi ya jiƙa mini hula. Na gaya mata gaskiya, da adadin kuɗin, da ranar da na biya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta mai da takardun cikin leda, ta naɗe, ta ce, "Shi yaro ne, ya yi yarinta. Kai fa, Malam?" Na fi son a ce ta zage ni.

Hukuncin a fili yake, ba sai na buɗe littafi ba. Daga ranar da mutum ya cika, in an fitar da kuɗin sutura da bashi da wasiyya, abin da ya bari na magada ne gaba ɗaya, ko tsintsiya ce. Wanda ya sayar da abin da ba nasa kaɗai ba, a mazhabarmu ta Malikiyya cinikin yana rataye ne a kan yardar masu shi. In sun yarda ya tabbata, in sun ƙi a mayar. Magadan marigayi kuwa bakwai ne: mata biyu, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Amaryarsa ta koma Zariya bayan takaba da 'yar autarsa, yarinyar da ko firamare ba ta gama ba. Wato har da haƙƙin marainiya nake ta gogewa da tsumma ina jin daɗi.

Nan jihar Oyo ba mu da alƙalin gwamnati mai raba gado bisa shari'a kamar a gida, a zauren malamai da gaban dattawan unguwa ake yin komai. Ni ne ma ake kira in yi lissafi a irin wannan zama. Wannan karon na je na sami babban liman na ce ni ne mai laifi, a zauna a kaina. Ya dube ni ya ce, "Kai ma?" Na ce ni ma.

Aka zauna bayan isha'i, dattawa huɗu, da 'ya'yan marigayi maza, da mijin babbar 'yarsa da ya zo daga Shagamu. Aka kira Zariya a waya, wan amaryar ya tsaya a madadinta da yarinyar. Babbar 'yar ta aiko da cewa ita ba ta yarda ba, a dawo da motar mahaifinta, ba kuɗi take so ba. Zuciyata ta faɗi. In ta tsaya a kan haka, ba ni da ta cewa, gyaran da na yi kuwa ba wanda ya sa ni. Sati biyu ana kai da komo. Inna ce ta kira ta da kanta, ta ce mata in an dawo da ita gindin mangwaro za ta koma, gara tana yawo a unguwa muna ganinta. Sannan ta sauko, amma da sharaɗi: ba za a sayar wa masu gwangwan ba har abada, kuma ba za a canza mata fenti ba.

Sai maganar farashi. Dattawa suka ce ba za a bi cinikina ba, tunda ciniki ne na mai buƙata da mai kwaɗayi. Haka wani tsoho ya faɗa a gabana, na kuwa haɗiye. Aka kira Baba bakanike da wani dillalin motoci, aka ce su yi mata kuɗi yadda take ranar da aka jawo ta, ban da gyara. Suka tsaya a 320,000. Ni aka miƙa wa takarda in raba, wai ai sana'ata ce. Tumuni na matan biyu 40,000, kowacce 20,000. Saura 280,000 a kasa bakwai, namiji kaso biyu mace kaso ɗaya: maza 80,000 kowanne, mata 40,000 kowacce. Babban ɗa ya riga ya karɓi 240,000, rabonsa kuwa 80,000 ne, saboda haka zai dawo da 160,000, ni in cika 80,000.

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce babu ko sisi. Bashi ya biya da su, matarsa kuma ta haihu da tiyata a lokacin. Na san ba ƙarya yake ba. Aka yi shiru ana kallona. To me zan ce? Marainiya ta jira har sai ya samu? Na ce zan biya 240,000 ɗin gaba ɗaya, shi ya riƙa biyana a hankali. Na sayar da huhu uku a kan faɗuwa, na karɓi adashin uwargida. Wannan karon ba ta yi mini gori ba, ita ta miƙo da kanta, ta ce, "Biya sadakin amaryarka, Malam, zaman da kuke yi ba aure."

Kowa ya karɓi nasa, aka rubuta takarda, magada suka sa hannu, masu dangwale suka dangwala, dattawa suka shaida. Aka aika Zariya da ita a motar goro ta dawo da sa hannu. Inna ta miƙo mini ledar nan da hannunta.

Da waɗannan na koma, na ƙara da takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya, na je kotu na yi rantsuwa a kan abin da ya faru yadda ya faru. Ɗan kamashon nan da ya gan ni da tulin takardu sai ya girgiza kai, wai na mai da aikin sati biyu na wata huɗu. Bai yi ƙarya ba, wata huɗu ɗin aka yi. Yau a ce mai sa hannu ya fita, gobe a ce na'ura ba ta aiki, jibi a ce in kawo motar a sake duba shasi. Wani jami'i ya kankare wajen lambar injin da waya, ya haska, ya gwada da tsohon rasit ɗin Alhaji harafi-harafi, ya ɗago ya ce shekararsa da yawa a aikin nan bai taɓa ganin wanda ya ajiye rasit ɗin inji ba. Ranar da aka ɗaura sabuwar lamba, kai tsaye ƙofar gidan marigayi na nufa na yi hon sau biyu, yadda yake yi.

Yanzu famfon ruwan da na ce zan zo kansa. Fitarta ta farko mai nisa ɗaurin aure ne, na ɗauki dattawa shida, kowa ya sha babbar riga da turare. Muna hawan tudun Mokola allurar zafi ta tashi, kafin in sami wurin tsayawa tururi ya rufe gilashi. Famfon araha ya saki. Dattawan nan haka suka naɗe hannun riga suka tura, 'yan acaɓa suna ta dariya suna kiran "Alfa, sayar mana!" Gaskit ya ƙone, sai da aka sauke kan inji. Baba bai ce uffan ba, ya ciro famfon ya rataye shi a ƙusa a bakin garejinsa, yana nan har yau, duk wanda ya zo da sabon kaya a kwali sai ya nuna masa.

Tun daga nan ba ta sake ba ni kunya ba. Sai dai zamani ya juya mata baya. A farkon 2023 inshorar dole ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, a ƙarshen watan Mayu kuma aka cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da 200 ta koma 500 cikin 'yan kwanaki, abin da ya biyo baya kuwa kun fi ni sani. Ita kuma ba ta san an yi ba, yadda take sha a zamanin Shagari haka take sha yanzu. Kasuwa a Maruwa nake zuwa. Takan fito ranar Juma'a, da ranar da aka buga mini ƙofa da tsakar dare mace tana naƙuda, ko za a kai mara lafiya UCH. In an kwantar da kujerun baya mutum yana miƙewa sosai. Mun kai gawa maƙabarta da ita fiye da sau ɗaya. Duk ƙarshen wata ni ke kai Inna ganin likita, a baya take zama, ɓangaren da ta saba tun da. Ba ta sake tayar da waccan magana ba, ni ma ban sake ba. Wani matashi daga Legas mai tara tsofaffin motoci ya taya ta da kuɗin da ya sa na yi salati, na ce masa akwai sharaɗi a kanta, kuma ba ni kaɗai ke da magana ba.

Ɗan marigayi yana biya, wani wata 5,000, wani wata ya zo da haƙuri kawai. Saura 45,000. Shi ya fara cewa in rubuta wannan, ya ce in saka har da nasa.

A ƙarshe ina cigiya. Fitilar baya ta hagu ta tsage, kuma ta wagon daban take da ta ƙaramar 504, na zaga Gate ban samu ba. Haka ma marfin akwatin gaban fasinja. Duk wanda yake da su a wani lungu, ko ya san gidan da wata ke kwance, ya same ni a masallaci bayan sallar la'asar. Amma ya zo da wanda ke da ikon sayarwa.